«Ba Canji»: Labarin Kalmar da ta Zo Adar Daga Kudu

A wani darasin Hausa ina jera wa ɗalibaina kalmomin aro bisa allo, na Larabci gefe guda, na Faransanci gefe guda, na Ingilishi gefe guda. Da na rubuta «canji» a ƙarƙashin Ingilishi, sai wani yaro ɗan Tebaram, mai kaifin kai, ya ɗaga hannu ya ce: «Mushe, kun yi kuskure. Ai daga "changer" ta fito, ku da kanku kuka koya muna ita a darasin Faransanci.» Aji ya ɗauki dariya. Ni ban yi ba, domin tambayar da ke ƙunshe cikin gyaran nasa ta wuce abin dariya. Baturen Ingila bai taɓa mulkin Tawa ba, bai karɓi haraji a Afala ko Takanamat ba, bai gina lakkol ko guda a arewacin Adar ba. To, ta ina kalmarsa ta biyo har ta zauna daram a bakin tsohuwa mai ƙosai a kasuwar Tebaram, wadda ba ta taɓa taka ƙofar makarantar boko ba?

Mu fara da kunne, tun da shi ne shaidar da ba ta buƙatar takarda. Harafin farko na kalmar Faransanci «sh» ake furta shi, kuma duk kalmar da muka aro daga gare su mai wannan sauti da shi ta shigo: muna cewa «shantiye», muna cewa «shef». Da daga bakin Bafaranshe muka ji ta, da «shanji» za mu ce. Amma «c» muke furtawa, irin ta «ciki» da «cida», wadda ita ce daidai da furucin Ingilishi. Abin da ya ruɗi ɗalibina na gane shi: mu mutanen yamma «j» ɗinmu mai laushi ce, kusan irin ta Faransanci, shi ya sa ƙarshen kalmar ya yi masa kama da abin da ya sani.

Shaida ta biyu ta fi wannan ƙarfi, ita ce ma'ana. Idan ka ba mai kanti kuɗi ya mayar maka da saura, Bafaranshe «monnaie» yake ce wa wannan saura, haka nan ƙananan kuɗin aljihu. Kalmar «change» a wurinsa musayar kuɗin wata ƙasa da na wata ce kawai. Baturen Ingila kuwa kalma ɗaya ya ɗora wa duka: saurar kuɗi, ƙananan kuɗi, musaya, da sauyin hali ko na zamani. Dubi Hausarmu. «Ba ni canjina.» «Kana da canjin jika?» «Nawa ne canji yau?» «An samu canji a garin nan.» Kayan nan huɗu da kalmar ta ɗauko, ɗaurin Ingilishi ne, ba na Faransanci ba.

Sai dai yaron bai faɗi ƙasa warwas ba, kuma a matsayina na malamin Faransanci dole in ba shi haƙƙinsa. Su kansu mutanen Ingila aron kalmar suka yi daga tsohon Faransanci, bayan Normandawa sun ci ƙasarsu a 1066, shi kuma Faransanci ya gado ta daga Latin, daga «cambiare», wato musaya. A birnin Paris har yau akwai wata gada bisa kogin Sen da ake kira Pont au Change, domin a da, daga ƙarni na 12, nan ne 'yan canjin birnin suka riƙa zama. Ma'anar saurar kuɗi a Ingila ta tsiro, wajen ƙarni na 17. Ke nan kalma ce 'yar Faransa da ta yi aure a Ingila, ta haihu can, sannan ta iso ƙasar da Faransa ke mulki ta ƙofar baya, da kayan gidan mijinta.

Akwai tambayar da ta riga wannan: me ya sa Hausa, harshen fatake, ta rasa kalmarta ta kanta? Muna da musaya, muna da furfure, muna da saura da ragowa da ciko. Malamai ma suna da «sarfu» a littattafan fiƙihu, da hukuncinsa na hannu da hannu, ko da yake kalmar ba ta taɓa fita daga zaure ta shiga kasuwa ba. Amsar, a ganina, tana cikin wuri. A zamanin da ake ciniki da wuri, ba a mayar wa kowa da saura, domin kowane wuri ɗaya ne tak. Abin wuri bakwai, ka ƙirga bakwai ka miƙa, ciniki ya ƙare. Wahalar wancan zamani ƙirga ce da dako. Bajamushen matafiyi Heinrich Barth, wanda ya ratsa ƙasar Hausa a 1851, ya ga yadda ake zube wuri ƙasa a Tasawa ana jan shi biyar-biyar da yatsu, ya kuma tarar a Kano ana ba da wuri 2,500 kan dalar azurfa guda. Wanda zai sayi doki sai ya nemi abin ɗaukar kuɗin. Canji bai zama matsalar talaka ba sai da aka zo da kuɗi masu hawa-hawa, inda ƙarfe guda ke tsaye a madadin goma, takarda guda a madadin dubu. Abin ne ya zo, sunansa ya biyo shi.

Kuma ba kuɗi iri ɗaya ne suka zo muna ba, iri biyu ne, kowane da tutarsa. A yarjejeniyar 14 ga Yuni 1898, Ingila da Faransa suka ɗora tsinin alƙalami bisa Sakkwato, suka zana rabin da'ira mai nisan mil 100, kimanin kilomita 160, suka ce duk abin da ke ciki na Ingila ne. Birnin Ƙwanni da kudancin Adar suka faɗa ciki, Tawa ta tsaya waje. Faransawa suka ga ba su da hanyar zuwa Damagaram sai ta zagaye, daga Filinge zuwa Tawa, ta cikin ƙasa mai ƙarancin rijiyoyi, wato yankin da hanyar Tebaram ke ratsawa. Kukan da suka yi ta yi ne ya sa aka sake yanka iyakar a 1904 da 1906, aka mayar da ita kudu, inda take yanzu, tsakanin Ƙwanni da Illela ta Nijeriya. Takarda ta raba ƙasa, amma ba ta juya akalar kasuwa ba. Adar tun fil azal kudu take kai bisashenta, daga kudu take ɗauko tufafi da goro.

A kudun nan sabbin kuɗin Ingila sun yi saurin kama ƙasa. An hana shigo da wuri a 1904, kwabo da anini masu huda suka fara yawo wajen 1908, a 1912 aka kafa hukumar kuɗi ta ƙasashen Afirka ta Yamma da ke hannun Ingila. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ya kai Kaura Namoda a 1929. Akwai aikin gyaɗa, akwai haƙar kuza a Jos, akwai dako da ga-ruwa a manyan birane. A gefenmu kuwa akwai lanho, wanda kumandan ba ya karɓa sai da kuɗin Faransa, ga aikin tilas da ba a soke ba sai 1946. Sai samarin Adar suka riƙa sauka kudu da an gama girbi, wasu har Kumasi da Ankara ta Gana, su dawo da faɗuwar ruwa, sule da sisi da taro ɗaure a bakin zane. Amma sule ba ya biyan lanho. Dole a tsaya wurin wani mutum a bakin iyaka ko a gefen kasuwa, wanda ya san darajar kuɗin nan biyu, ya karɓi wannan ya ba da wancan, ya cire ɗan abin da zai cire. Ɗan canji ke nan. A nan, ina jin, kalmar ta ƙetare iyaka, cikin jakar ɗan cin rani.

Wanda ya lura da kalmomin aronmu zai ga sun rabu gida biyu. Abin da ya zo da umarni, Faransanci ne: lakkol, mushe, kumandan, lanho. Abin da ya zo da ciniki da sana'a, yawancinsa Ingilishi ne: mota, direba, tasha, tela, lebura, bokiti, kananzir, tebur. Na farko an faɗa muna su daga sama. Na biyu mu muka je muka ɗauko.

Kuɗin Faransa ma ba da sunayensu muka karɓe su ba. Ƙarfen faran biyar, wanda a farko na azurfa ne, muka laƙaba masa sunan tsohuwar dala, mai kan sarauniya Mariya Tereza da shekarar 1780 a jikinta, wadda fatake suka daɗe da sani. Aka ƙirƙiro sefa ran 26 ga Disamba 1945, ba mu fasa ba. Har gobe dala ashirin ita ce sefa 100, dala ɗari sefa 500, dala ɗari biyu jika. Duk malamin firamare ya san wahalar da wannan ke jawowa: yarinyar da ke talla tun tana shekara bakwai, wadda ba a taɓa cutarta da ko dala ba, sai ta zo aji ta kasa lissafin littafi, don littafi da faran yake ƙirga, ita kuwa da dala. Kullum kanta yana ninkawa da biyar, yana rabawa da biyar. Ita ma 'yar canji ce, ba wanda ya faɗa mata.

Babbar alamar cewa kalmar ta zama 'yar gida tana cikin nahawu. Bahaushe ya san «j» da ke gaban «i» sau da yawa «z» ce ta rikiɗe: kaza, kaji, maza, miji. Da ya ji «canji», sai ya ɗauka irin wannan ce, ya mayar da ita inda yake zaton ta fito, ya ƙera aikatau «canza». Babu «z» a Ingilishin ko kaɗan, mu muka sa ta. Ga canzawa, ga canje-canje, ga canzajje. Har karin magana ta shiga: wani ya ce in kiɗa ya sauya rawa ma sai ta sauya, wani ya ce in kiɗa ya canza, kuma ba mai jin na biyun baƙo ne.

Amma tsofaffinmu in suka ce «shekarar canji», ba saurar kuɗin ƙosai suke nufi ba. Suna nufin ranar da hukuma ta wayi gari ta ce kuɗin da ke hannunka sun mutu. Nijeriya ta yi haka a watan Janairu 1968, lokacin yaƙin Biyafara, don ta kashe takardun da ke hannun 'yan aware. A ranar 1 ga Janairu 1973 ta bar fam da sule ta koma naira da kobo, fam ɗaya naira biyu. Wannan na biyu ya zo da sauƙi. Wanda ya bar tabo shi ne na 1984.

A ƙarshen watan Afrilu na shekarar, gwamnatin marigayi Janar Muhammadu Buhari ta sauya launin takardun naira, ta ba da wa'adin da bai cika mako biyu ba, ta ƙayyade naira 5,000 ga abin da mutum zai canza hannu da hannu, sannan ta rufe iyakokin ƙasa don kada nairar da ke waje ta komo. Manufar, in ji su, ita ce a karya masu ɓoye kuɗin sata da 'yan fasa-ƙwauri. Sai dai sandar ba ta zaɓi kan da za ta faɗa ba. A wancan lokaci naira kuɗi ce mai nauyi: a farkon shekarun 1980 guda ɗaya ta haura sefa 300 a farashin hukuma, kuma mutanen karkararmu da yawa da ita suke ajiya. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya sayar da raguna a kudu kafin wannan, ya adana kuɗin cikin wani gwangwani yana jiran ya sayi hatsi in damina ta matso. Labarin canjin bai iso ƙauyenmu ba sai da kwanaki suka ja, da ya isa Ƙwanni kuwa ya tarar da hanya a toshe. Ni ƙarami ne ƙwarai a lokacin, abin da nake tunawa kawai shi ne daga baya mu yara muna wasan kasuwa da takardun, ba mai tsawata muna. Daminar shekarar ba ta yi ba. Iyaka ta zauna a rufe har watan Maris 1986, hatsin kudu da aka saba dogara da shi ya yanke, bisashe suka faɗi warwas, a 1985 kuma aka sake koro baƙi daga Nijeriya. Mutanenmu, waɗanda ba su da jarida amma suna da azancin raɗa suna, suka sa wa yunwar «El Buhari». Ba ina cewa mutum ɗaya ne ya hana ruwan sama ba. Ina cewa ga wanda kuɗinsa suka mutu a gwangwani, fari da canji abu ɗaya suka zama.

Shekara tara bayan haka kalmar ta hau dandalin siyasa. A zaɓen 1993, ƙawancen jam'iyyun AFC «canji» ya riƙa kira, magoya baya suna amsawa. Alhaji Mahamane Ousmane ya hau mulki a watan Afrilu, Mahamadou Issoufou, ɗan Adar, ya zama firaminista. Ba a cika wata tara ba sai wani canjin da ba wanda ya jefa wa ƙuri'a ya sauka: ran 11 ga Janairu 1994, a Dakar, aka karya darajar sefa da rabi. Faran ɗin Faransa da ake saye sefa 50 ya koma 100. Ina kolej a Tawa lokacin, na kuma ga yadda magani da littafi da shinkafar waje suka yi tsalle, alhali iyayenmu ma'aikata suna bin bashin albashi. Gaskiya ne masu bisashe da manoman albasa sun ɗan ji daɗi, don kayansu sun yi araha ga mai saye daga waje. Amma wasan da aka riƙa yi da kalmar a majalisun shayi mai ɗaci ne: mun nemi canji, an ba mu canji.

Watanni kaɗan kafin wannan, a 1993, an yi wani abu da bai yi ƙara ba amma ya taɓa Adar ƙwarai. Manyan bankunan sefa biyu, na yamma da na tsakiyar Afirka, suka daina fansar takardunsu da suka fita yankinsu. Ɗan Adar da ke neman kuɗi a Kamaru ko Gabon, in ya dawo da sefar can, a takarda daidai take da tamu, a kasuwa kuwa sai ɗan canji ya rage wani abu kafin ya karɓa. Sannan a 2004 bankin BCEAO ya janye takardun samfurin 1992, tsakanin tsakiyar Satumba da ƙarshen Disamba, bayan fashin da aka yi wa rassansa a Kodebuwa. Wa'adin ya fi na 1984 tsawo, amma tsari ɗaya ne: ɗan birni ya taka ya je banki, mutumin ruga sai ya yi tafiyar yini, ko ya sayar wa mai zuwa birni da ragi. Kowane canji aka yi, nisanka da gari shi ne harajinka.

Daga baya kalmar ta ci gaba da yawonta. A 2015 Buhari, mutumin canjin 1984, ya ci zaɓe a Nijeriya da kirarin «canji», a ƙarshen mulkinsa kuma, tsakanin 2022 da 2023, aka sake sauya fasalin naira har tsabar kuɗi ta ɓace a kasuwanni. A nan gida Mahamane Ousmane ya tsaya takara a 2020 ƙarƙashin jam'iyya mai suna RDR-Tchanji, da rubutun «tch» irin na zamanin kumandan. Ita kuwa naira, wadda mahaifina ya amince wa, a 2024 sai an haɗa fiye da 2,000 kafin a sami jika ɗaya. Tebur ɗin ɗan canji yana nan inda yake a Ƙwanni, ko a Wapa ta Kano, sai dai kuɗin da ake gudu da wanda ake nema sun yi musayar wuri.

Canjin da ya fi damun talaka kullum, duk da haka, shi ne ƙaramin. Albashi da takardun jika goma ake biyansa, kuɗin da ɗan ci-rani ya aiko ma haka. Kasuwar ƙauye kuwa da dala biyar da dala goma take numfashi. Ka shiga da jika goma da hantsi, sai ka zaga rumfa biyar ba wanda ya iya fasa ta. Mai kanti ya cika maka da alawa ko ashana ko dunƙulen Maggi, ko ya ce ka dawo anjima, saurar ta zama bashin da ba a rubuta ba. Ƙarfen da ya goge a ƙi shi, na dala hamsin ma a kasuwanni da yawa na ƙasashen sefa an sha ƙinsa, duk da bankin da ya buga shi yana nanata cewa yana ci. Wa ke ɗaukar asarar? Mai fura da ta rasa ciniki don ba ta da abin mayarwa, da yarinya mai talla da za ta koma gida lissafi bai cika ba. «Ba canji» magana ce ta kalma biyu, amma sau nawa ta hana wani kalaci?

Abin da ya sa na ɗauko wannan dogon zance shi ne aikin da ke gabanmu. Tun 1973 aka fara gwajin koyarwa da harsunan gida a ƙasar nan, a 1999 aka tsayar da ƙa'idar rubutun Hausa, a watan Maris 2025 kuma kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. Za a buƙaci littattafan lissafi, da na tattalin arziki, da takardun banki cikin Hausa. Na zauna a tarurrukan malamai inda wasu abokan aiki, da kyakkyawar niyya, suke son a share duk kalmar da ta yi warin Turanci, a sa «sauyi» ko «musaya» a gurbin «canji». Inda ake zancen yanayi ko na mulki, ban ƙi ba, «sauyi» ta isa, ta ma fi daɗin ji. Amma ka je kasuwar Lahadi ta Tawa ka ce wa mai nama ya ba ka sauyinka, ka ga irin kallon da zai yi maka. Kalmar da ta yi shekara wajen ɗari a bakinmu, ta haifi aikatau, ta shiga karin magana, ta riƙe tarihin lanho da cin rani da El Buhari, ban ga dalilin da kwamiti zai kore ta ba. Wanda ya kamata a tuhuma shi ne littafin lissafin da har yanzu bai san dala ba.

Mako na gaba na mayar wa ajin da maganar. Na sa kowa ya je ya tambayi wani tsoho a gidansu wane canjin kuɗi yake tunawa, da abin da ya rasa ko ya samu a ciki. Yaron nan na Tebaram ya dawo da kwabo mai huda da kakarsa ta cire daga cikin wani tsohon kwando, ya baƙanta, amma ana iya karanta rubutun Ingilishi a gefe guda da na Larabci a tsakiya. Ta ce masa kakansa ne ya zo da shi daga Gusau, ya rage a aljihu bayan an biya lanho, domin ɗan canjin ya ce ba ya karɓar ƙananan kuɗi.